Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗaure Kuɗin Makarantun Gwamnati da Sakamakon Ɗalibai a Amurka

A jihohin Amurka da dama, muhawara kan kuɗin makarantun gwamnati ta wuce batun nawa za a kashe, ta koma kan me aka samu daga abin da aka kashe. Wasu jihohin sun riga sun shigar da sakamakon ɗalibai cikin lissafin da suke raba kuɗi da shi, wasu kuma suna auna yadda kowace gundumar makarantu ke tattalin dukiyar jama'a, sannan su wallafa abin da suka gano. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda suka fi tasowa a kan wannan batu.

Mece ce gundumar makarantu, kuma daga ina kuɗinta ke fitowa?

Gundumar makarantu hukuma ce ta yanki da ke tafiyar da makarantun gwamnati daga ajin share fage har zuwa aji 12, wato ƙarshen sakandare. Akwai irinsu kimanin 13,000 a faɗin ƙasar, mafi yawansu kuma suna da majalisar da mazauna yankin ke zaɓa, wadda ita ce ke ɗaukar shugaban gunduma, ta amince da kasafi, ta kuma yanke harajin da za a karɓa. Jihar Hawaii ce kaɗai ta haɗa makarantunta duka a gunduma guda, alhali Texas na da fiye da 1,000.

Kuɗin na fitowa ne daga tushe uku. Gwamnatin tarayya takan ba da kashi 8 zuwa 10 cikin 100 a shekarun da ba na gaggawa ba, ragowar kuma jiha da yanki ke raba shi kusan daidai, ko da yake rabon ya bambanta sosai daga jiha zuwa jiha. Kason yanki yana fitowa galibi daga harajin gidaje da filaye, kuma a nan ne asalin matsalar take, domin darajar gidaje a unguwar masu hali ba ɗaya take da ta unguwar talakawa ba.

Me ya sa rabon kuɗin ya kai ga kotu?

Shari'ar da ta fi bayyana matsalar ta taso ne daga birnin San Antonio na jihar Texas, inda Demetrio Rodriguez da wasu iyayen yara daga gundumar Edgewood suka shigar da ƙara a 1968. Alƙaluman da suka shiga hukuncin kotu sun nuna cewa mazauna Edgewood, waɗanda akasarinsu talakawa ne 'yan asalin Mexico, suna biyan dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar gidajensu, amma abin da harajin ke tarawa dala 26 ne kacal ga kowane ɗalibi. Maƙwabtansu na Alamo Heights suna biyan abin da bai kai haka ba, wato santi 85, amma suna tara dala 333 ga kowane ɗalibi. Ko bayan an haɗa da tallafin jiha da na tarayya, Edgewood na da dala 356 ne, Alamo Heights kuwa 594. Talaka ya fi ɗaukar nauyin haraji, ɗansa kuma ya fi samun kaɗan.

A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 cewa tsarin mulkin tarayya bai sanya ilimi cikin haƙƙoƙi na asali ba, don haka ba za ta soke tsarin Texas ba. Daga nan sai gwagwarmayar ta koma kotunan jihohi, domin kusan kowace jiha tana da sashe a tsarin mulkinta da ya ɗora mata nauyin samar da ilimi. Kotun ƙolin Texas ta soke tsarin jihar a 1989, abin da ya kai ga dokar 1993 da ke karɓar rarar haraji daga gundumomi masu arziki a raba wa sauran. A wannan shekarar ta 1989 ne kuma kotun ƙolin Kentucky ta ce tsarin ilimin jihar baki ɗaya ya saɓa wa doka. Rigimar ba ta tsufa ba, domin a watan Fabrairun 2023 wata kotu a Pennsylvania ta yanke irin wannan hukunci a kan tsarin jiharta.

Yaya ainihin lissafin rabon yake?

Yawancin jihohi suna farawa ne da adadi na tushe ga kowane ɗalibi, sannan su ƙara masa nauyi gwargwadon buƙatar yaron. Jihar Tennessee misali ce mai sauƙin fahimta. Dokar da gwamna Bill Lee ya sanya wa hannu a 2022, wadda aka fi sani da TISA, ta maye gurbin tsarin da aka yi amfani da shi tun 1992, ta kuma fara da dala 6,860 ga kowane ɗalibi. Idan yaron ɗan gidan talakawa ne, ana ƙara kashi 25 cikin 100. Idan makarantarsa tana yankin da talauci ya yi katutu, a ƙara kashi 5. Ƙananan gundumomi da waɗanda mazaunansu ke warwatse su ma suna da kashi 5 kowanne. Yara masu buƙata ta musamman kuma ana ƙara musu daga kashi 15 har zuwa 150. Jiha na ɗaukar kashi 70 na wannan jimla, yankuna su ɗauki 30 gwargwadon ƙarfin kowanne.

California ta bi irin wannan hanya tun 2013 a zamanin gwamna Jerry Brown, inda ta ƙara kashi 20 ga ɗan talakawa, da mai koyon Turanci, da yaron da ke hannun riƙo, sannan ta ƙara wani kaso mai tsoka ga gundumar da irin waɗannan yara suka haura kashi 55 cikin 100 na ɗalibanta. Duk wannan lissafi ne na buƙata. Bai tambayi ko yaran sun ci jarrabawa ba.

To ta wace hanya ake shigar da sakamakon ɗalibai cikin lissafin?

Hanyar da aka fi bi ita ce tukuici a saman kuɗin tushe. Florida ta daɗe tana ba makarantar da ta samu daraja ta ɗaya a ma'aunin jihar, ko wadda ta hau mataki guda, tukuicin da ya kai dala 100 a kan kowane ɗalibi, shirin da ya ƙara ƙarfi a zamanin gwamna Jeb Bush daga 1999. Arizona ta ɓullo da nata a 2017 a zamanin gwamna Doug Ducey, kafin a daina shi a 2023: dala 225 ga kowane ɗalibi a makarantun da suka fi cin jarrabawar jiha, da dala 400 ga waɗanda suka yi fice a cikin rukunin makarantun da yawancin ɗalibansu talakawa ne.

Tsarin Texas na 2019 ya fi waɗannan zurfin tunani, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Dokar ta ɗaga kuɗin tushe daga dala 5,140 zuwa 6,160, sannan ta ware tukuici ga gundumar da ɗalibanta suka kammala sakandare a shirye don shiga jami'a, ko kama sana'a, ko shiga aikin soja. A yadda dokar ta fara a 2019, gunduma na samun dala 5,000 a kan kowane ɗan talakawa da ya cika sharaɗin, dala 3,000 a kan wanda ba talaka ba, da ƙarin dala 2,000 idan ɗalibin mai buƙata ta musamman ne. Sai dai ba a fara biya sai gunduma ta haura wani adadi da aka gindaya wa kowane rukuni, kuma adadin da aka gindaya wa 'ya'yan talakawa ya fi ƙasa. Manufar a bayyane take: a sa nasarar ɗan talaka ta fi tsada a idon shugaban gunduma. Tennessee ma ta sanya tukuicin sakamako cikin TISA, wanda ya shafi iya karatu a ƙananan azuzuwa da shirin ɗalibi ga rayuwar bayan sakandare, kuma ita ma ta fifita tukuicin ɗan talakawa.

Abin lura shi ne a duk waɗannan jihohi tukuicin ɗan ƙaramin yanki ne na kasafin ilimi. Babu jihar da ta kuskura ta ɗora albashin malamai da kuɗin motocin ɗaukar yara kacokan a kan sakamakon jarrabawa.

Shin wannan sabon tunani ne?

Ko kusa. Ingila ta gwada shi fiye da shekara 160 da suka wuce. A 1862 Robert Lowe, wanda ke kula da harkar ilimi a gwamnatin lokacin, ya kawo tsarin da ake biyan makarantun firamare sule 4 a kan zuwan yaro makaranta, da sule 8 da suka rataya ga cin jarrabawar karatu da rubutu da lissafi a gaban sufeto. Duk darasin da yaro ya faɗi, sai a zare sule 2 da kwabo 8. Lowe ya shaida wa majalisa cewa idan tsarin bai zo da araha ba, zai zo da inganci, idan kuma bai zo da inganci ba, zai zo da araha. Kuɗin da gwamnati ke kashewa ya ragu a shekarun farko, amma malamai suka koma hadda da bita a kan darussa ukun da ke kawo kuɗi, suka yi sakaci da sauran, suka kuma daina ɓata lokaci a kan yaron da ya riga ya iya da wanda suka fid da rai zai ci. Matthew Arnold, wanda shi kansa sufeton makarantu ne, yana cikin waɗanda suka fi sukar tsarin. An yi watsi da shi cikin shekarun 1890. Duk ƙorafin da ake yi a Amurka yau, kusan babu wanda ba a yi ba a wancan zamani.

Me ake nufi da tattalin kashe kuɗi, kuma yaya ake auna shi?

Ana nufin gwada abin da gunduma ta kashe da abin da ɗalibanta suka ƙaru da shi. Majalisar Texas ta umarci ofishin babban akanta na jihar a 2009 da ya yi wannan awo, kuma a watan Disambar 2010 shugabar ofishin, Susan Combs, ta fitar da rahoton da aka sani da FAST. Rahoton ya ba kowace gunduma tauraro 1 zuwa 5, bayan ya auna ci gaban ɗalibanta, ya kuma kwatanta kashe kuɗinta da na gundumomi har 40 masu kama da ita wajen girma da tsadar rayuwa da nau'in ɗalibai. Taurarin ba su ƙara wa kowa kuɗi ba, ba su rage ba. Amfaninsu shi ne su nuna wa iyaye da 'yan majalisa inda ya dace su je su yi tambaya, kuma a ganina wannan ne matsayin da ya dace da irin wannan ma'auni.

An gwada wata hanyar da ta fi wannan gajarta a tsakiyar shekarun 2000, wato tilasta wa gundumomi su kashe aƙalla kashi 65 cikin 100 na kuɗinsu a cikin aji. Gwamna Rick Perry ya ba da umarnin haka a Texas a 2005, Georgia kuma ta mai da shi doka a 2006. Matsalar ita ce ma'anar “cikin aji” da aka ɗauko ta fitar da ma'aikacin ɗakin karatu, da mai ba ɗalibai shawara, da ma'aikaciyar jinya, da direban motar makaranta, da masu dafa abinci. Gundumar karkara da motocinta ke cin doguwar tafiya kowace safiya sai ta bayyana a matsayin mai almubazzaranci, alhali nisa ne ya ci kuɗin. Ya kamata kuma a tuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin gudanar da makarantu albashi ne da haƙƙoƙin ma'aikata, saboda haka duk wanda ya ce zai yi babban tsimi, a ƙarshe yana magana ne a kan yawan malamai, ko albashinsu, ko yawan yara a aji.

Shin ƙarin kuɗi yana ƙara ilimi kuwa?

Wannan ita ce tambayar da duk muhawarar ta ginu a kanta. Rahoton James Coleman na 1966 ya gano cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi kayan aikin makaranta tasiri a kan sakamakonsa. Masanin tattalin arziki Eric Hanushek ya shafe shekaru yana nuna cewa babu dangantaka tabbatacciya tsakanin yawan kashe kuɗi da sakamako, kuma masu wannan ra'ayi sukan buga misali da birnin Kansas na jihar Missouri, inda umarnin kotu ya sa aka zuba kusan dala biliyan 2 daga 1985, aka gina makarantu na alfarma, amma sakamakon jarrabawa bai motsa yadda aka yi fata ba.

Sai dai tsohon binciken yana da rauni guda babba: sau da yawa ana tura ƙarin kuɗi ne inda yara suka fi rauni, don haka kwatanta kuɗi da sakamako kai tsaye kan ruɗar da mai kallo, tamkar a ce magani ne ke jawo ciwo saboda a gidan marasa lafiya aka fi samunsa. A 2016 Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico sun kauce wa wannan tarko ta hanyar bibiyar yaran da hukuncin kotu ya ƙara wa makarantunsu kuɗi har zuwa girmansu. Sun gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 a tsawon shekara 12 na karatu ya sa 'ya'yan talakawa sun ƙara kusan rabin shekara a makaranta, abin da suke samu a wurin aiki ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, yiwuwar su rayu cikin talauci kuma ta ragu da kimanin maki 6 cikin 100. Binciken Julien Lafortune da Jesse Rothstein da Diane Schanzenbach na 2018 shi ma ya nuna cewa gyaran da jihohi suka yi wa rabon kuɗi bayan 1990 ya ɗaga sakamakon yaran gundumomi matalauta. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne kuɗi na da tasiri, musamman ga ɗan talaka, kuma inda aka zuba su na da tasiri shi ma. Masu neman a riƙa bin diddigin kowace dala ba su yi kuskure ba. Kuskuren yana zuwa ne idan aka mai da bin diddigin hujjar hana abin da ake buƙata tun farko.

Mene ne laifin saka wa wanda ya yi ƙoƙari?

Babu laifi a saka wa mai ƙoƙari, matuƙar ƙoƙarin ne aka auna. Matsalar ita ce yawan yaran da suka ci jarrabawa a makaranta yana bin arzikin iyayensu sau da ƙafa. Yaron da ya taso a gidan da ake karanta masa littafi tun yana goye, yana cin abinci sau uku, ana ɗaukar masa malamin gida idan ya yi rauni, zai ci jarrabawa ko da malamansa ba su yi wani abin a zo a gani ba. Idan aka ba makarantarsa tukuici saboda yawan waɗanda suka ci, an ƙara wa Barno dawaki. Wannan ne babban sukar da aka yi wa shirin Arizona, inda masu adawa suka nuna cewa kaso mai yawa na kuɗin ya tafi makarantun da 'ya'yan talakawa ba su da yawa a cikinsu.

Ma'aunin da ya fi adalci shi ne na ci gaba, wato inda yaro yake a farkon shekara da inda ya kai a ƙarshenta. Malamar da ta karɓi ɗan aji huɗu da ba ya iya haɗa baƙi, ta kai shi ga karanta shafi guda da kansa, ta yi aikin da ya fi na wadda ta karɓi haziƙi ta miƙa haziƙi, ko da yake yaron farko zai iya faɗuwa jarrabawar ajinsa. Amma ma'aunin ci gaba ma yana da nasa rauni. A ƙaramar makaranta mai ɗalibai ashirin a aji, zuwan yara biyu ko tafiyarsu kan sauya alƙaluma daga shekara zuwa shekara ba tare da koyarwa ta sauya ba. Gunduma kuma ba za ta ɗauki malami na dindindin da kuɗin da za su iya ɓacewa baɗi ba, shi ya sa tukuici ba ya iya maye gurbin kuɗin tushe.

Shin ɗaure kuɗi da jarrabawa ba ya jawo maguɗi?

Yana jawowa, kuma masanin zamantakewa Donald Campbell ya yi gargaɗi tun shekarun 1970 cewa duk ma'aunin da aka ɗora wa manyan hukunce-hukunce, matsin lambar gurɓata shi zai ƙaru. Misali mafi muni shi ne na birnin Atlanta, inda tukuicin ma'aikata da tsaron aikinsu suka rataya ga cimma alƙaluman da aka gindaya. Binciken da gwamnatin jihar Georgia ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a sauya amsoshin ɗalibai, kuma a 2015 kotu ta samu mutum 11 da laifi. Waɗanda aka fi zalunta su ne yaran, domin sakamakon ƙarya ya hana su taimakon da ya kamata a ba mai rauni.

Akwai kuma gurɓatar da ba ta kai laifi a gaban doka ba, amma ta fi yaɗuwa. A Kentucky cikin shekarun 1990, lokacin da jihar ke ba makarantu tukuici, sakamakon jarrabawar jiha ya yi tashin da jarrabawar ƙasa ta NAEP ba ta nuna kamarsa ba, kamar yadda Daniel Koretz da abokiyar bincikensa suka bayyana. Alama ce ta cewa an koya wa yara salon jarrabawa fiye da darasin. A Texas kuwa, hukumar ilimi ta sanya kashi 8.5 cikin 100 a 2004 a matsayin ma'aunin yawan ɗaliban da ke karɓar kulawa ta musamman, gundumomi suka ɗauke shi a matsayin iyaka, aka hana dubban yara masu naƙasa haƙƙinsu. Jaridar Houston Chronicle ce ta bankaɗo lamarin a 2016, kuma a watan Janairun 2018 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tabbatar da cewa jihar ta karya doka. Lamba guda a takardar awo ce ta yi wannan ɓarna.

Ana rage wa gundumar da ta gaza kuɗi ne?

Ba kasafai ba, domin rage kuɗi hukunta yara ne a kan gazawar manya. Abin da jihohi suka fi yi shi ne karɓe ragamar gundumar, kamar yadda Texas ta yi wa Houston a 2023, inda ta ajiye zaɓaɓɓiyar majalisar gefe ta naɗa Mike Miles shugaba.

Ina matsayin gwamnatin tarayya a nan?

Babban tallafinta, wanda ya samo asali daga dokar ilimi ta 1965 a zamanin Lyndon Johnson, ana raba shi ne bisa yawan yara matalauta. Dokar da George W. Bush ya sanya wa hannu a Janairun 2002 ta wajabta jarrabawar shekara-shekara daga aji 3 zuwa 8 tare da takunkumi ga makarantun da suka kasa. Gwamnatin Obama ta ware dala biliyan 4.35 a 2009 don jihohi su yi gasar samu. Dokar 2015 da ta maye gurbin ta 2002 ta mayar wa jihohi iko mai yawa, amma ta kawo wani sharaɗi mai amfani: dole a wallafa abin da ake kashe wa kowane ɗalibi makaranta bayan makaranta, ba a matakin gunduma kaɗai ba. Wannan ya ba iyaye damar ganin bambancin da ke ɓoye tsakanin makarantun gunduma ɗaya.

Akwai inda irin wannan tsari ya yi nasara a fili?

Misalin da aka fi kafa hujja da shi yana wajen Amurka, a jihar Ceará da ke arewa maso gabashin Brazil, wadda ke cikin jihohin ƙasar masu ƙarancin arziki. A 2007, zamanin gwamna Cid Gomes, tsohon magajin garin Sobral, jihar ta sauya yadda take raba wa ƙananan hukumomi kasonsu na harajin kayayyaki, ta ɗaure kashi 18 cikin 100 nasa da sakamakon ilimi, kashi 5 da lafiya, kashi 2 da muhalli. Lissafin ya ba ci gaba nauyi mai yawa, yana rage makin ƙaramar hukumar da ta bar yara da yawa a matakin ƙasa, yana kuma la'akari da yawan waɗanda suka zauna jarrabawar, don kada a ɓoye masu rauni a gida ranar gwaji. Kuɗin kuma suna shiga asusun ƙaramar hukuma ne, shugabanta ya kashe su inda ya ga dama, abin da ya sa iya karatun yara ya zama damuwar ɗan siyasa da kansa.

Sai dai ba tukuici kaɗai aka yi ba. A shekarar ce jihar ta ƙaddamar da shirin koyar da karatu a kan kari, wanda ya ba ƙananan hukumomi littattafai da horon malamai da gwaji a kai a kai. Ceará ta hau sahun gaba a sakamakon firamare na ƙasar, kuma a 2020 Brazil ta gyara tsarin mulkinta domin dukkan jihohi su ɗaure wani ɓangare na wannan haraji da sakamakon ilimi. Duk wanda ya kwafi tukuicin ya bar tallafin, rabin tsarin ya ɗauka.

Shin Najeriya ta taɓa gwada biyan kuɗi bisa sakamako?

Ta gwada ta wata fuska. Tallafin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, ke bai wa jihohi a ƙarƙashin dokar 2004, wanda ke fitowa daga kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya, sharaɗinsa shi ne jiha ta ajiye nata kason, ba sakamakon ɗalibai ba. Amma shirin BESDA da Bankin Duniya ya amince da shi a 2017, na dala miliyan 611, an tsara shi ne ta yadda ake sakar wa jihohi 17 kuɗi bayan an tantance abin da suka cimma, musamman yawan yaran da aka shigar makaranta, kuma jihohin arewa maso yamma da arewa maso gabas duk suna ciki. Tambayar da ta dami Texas da Ceará ita ce a nan ma: wa ke ƙirgawa, kuma wa ke tabbatar da ƙirgar?

Idan gunduma ta ci tukuici, ina kuɗin ke tafiya?

Ya danganta da dokar jiha. Dokar Texas ta 2019 ta wajabta a kashe aƙalla kashi 55 cikin 100 na tukuicin kan shirya ɗaliban aji 8 zuwa 12 domin jami'a ko sana'a ko aikin soja, ragowar kuma gunduma ta yi yadda ta ga ya dace. A Florida, ma'aikatan makaranta da kwamitin ba da shawara na makarantar, wanda iyaye ke ciki, su ne ke yanke shawara tare, ko a raba wa ma'aikata, ko a sayi kayan koyarwa, ko a ɗauki ma'aikata na wucin gadi. Mafi yawan kuɗin yakan tafi ne ga ma'aikata, kuma idan ɓangarorin biyu suka kasa daidaitawa kafin wa'adin da doka ta sa, ana raba shi daidai wa daida tsakanin malaman da ke koyarwa a makarantar.